Mawaƙiyar Safe

A sana'ar waƙar fim a Mumbai mawaƙa kashi biyu ne, masu zuwa da safe da masu zuwa da la'asar, kuma ba a so su haɗu ko da a matakala. Na safe su ake fara ba sabuwar waƙa. Mai tsara kiɗa zai zauna gaban akwatin kiɗansa na harmoniyam ya nuna musu hanyar da za ta bi, su shiga ɗakin gilashi su rera, a naɗa. Ita ake kira waƙar gwaji. Da la'asar sai mai suna ya iso cikin motarsa mai sanyi, a sa masa gwajin a kunne, ya saurara sau biyu ko uku, ya bi sawu. Da ya gama sai a goge muryar safe ƙarƙaf, don kada ta fita gari ta ɓata masa kasuwa. Haka aka taso aka tarar ana yi. Ba wanda ke ganin aibin abin sai waɗanda ake gogewa, su kuwa ba a tambayarsu.

Sulbha Naik ta shekara goma sha shida tana zuwa da safe. Gajeriyar mace ce mai tabarau, kullum cikin zanen sari na auduga, da lema a hannu ko ba damina ba. In ka gan ta a jirgin ƙasan Goregaon na ƙarfe bakwai da kwata sai ka rantse malamar firamare ce. Amma in ta tsaya gaban makirufo akwai wani abu da take yi wanda ba a koyar da shi a makarantar waƙa. In ta zo ƙarshen baiti, kafin kalmar ƙarshe, sai numfashinta ya ɗan sarƙe, sannan kalmar ta faɗo a hankali, ƙasa-ƙasa. Abu ne na ƙiftawar ido, amma mai sauraro sai ya ji shi har cikin ɓargo.

A wajen kakarta Godabai ta samo shi, a wani ƙauye kusa da Satara. Tsohuwar takan niƙa dawa da sassafe a dutse mai juyawa tana waƙa, Sulbha na zaune a gabanta ta kama mariƙin tare da ita. Duk sanda mariƙin ya kai can nesa da jikin tsohuwa, dole ta miƙa ta jawo shi, a nan ne numfashin ke yankewa. Wahala ce ta haife shi, ba gwaninta ba. Yarinya ta ɗauka haka ake waƙa, ta tashi da shi a maƙogwaro.

Shekarar da Sulbha ta fara aiki da Tandon-ji, mai tsara kiɗa, ita ce shekarar da aka kawo masa wata yarinya daga Delhi, Damini Sehgal. Murya gare ta mai tsabta, ba ta kuskure, sai dai ba gishiri. Tandon-ji ya sa mata gwajin Sulbha a kunne ya ce, "Abin da kika ji shi za ki yi, kada ki ƙara, kada ki rage." Yarinya mai biyayya, ta yi yadda aka ce, har da sarƙewar numfashin. Waƙar ta karaɗe ƙasa. Tun daga ranar, duk waƙar da Damini za ta yi da la'asar Sulbha ce ke yin ta da safe. 'Yan jarida suka raɗa wa abin suna numfashin Damini, yara a gasar waƙa ta talabijin suna ta shaƙe kansu wajen kwaikwayonsa. Sulbha tana kallo daga ɗakinta tana yanka albasa, wata rana ta yi dariya, wata rana ta tashi ta kashe talabijin ɗin.

Ba gidan bene take so ba, ba mota ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai, waƙa guda tak ta fita duniya da muryarta da sunanta, ba a goge ta ba.

Dama ta zo da surukinta ya rasu ya bar shagon ɗinkinsa a gefen layin dogo. Mijinta Gajanan, kwandasta ne a bas ɗin birni, ya je ya roƙi yayansa Sudam ya bar musu shagon su buɗe situdiyo su gwada sa'arsu. Sudam ya ce ya ba su zuwa bikin fitilu na Diwali. In har lokacin ba a ga abin kirki ba, akwai mai sayar da wayoyi da ke ta binsa.

"Wata takwas ke nan," in ji Gajanan da ya dawo. "Ni a wata takwas na koyi yanka tikiti da hannu ɗaya ina lilo a ƙofar bas. Ke ba za ki iya zama tauraruwa ba, Sulu?"

"Kai dai wanke hannu ka ci abinci."

Ta je har Malad ta ɗauko Rebello Dada, tsohon mai naɗar sauti wanda ya zauna bayan gilashi duk shekarun nan yana naɗar ta da safe yana goge ta da yamma. Ya yi ritaya, kunnensa na hagu ya yi nauyi, matarsa ta gaji da ganinsa a gida. Ya kwaso tsofaffin na'urorinsa a tasi biyu. Suka lulluɓe bangon shagon da tsofaffin katifu, suka yanka wani lungu suka sa masa gilashi, Gajanan ya hau kujera ya rubuta sunan kamfani a saman ƙofa da shuɗin fenti: Godabai. Matsalar ita ce jirgin ƙasa. Duk minti huɗu sai ya wuce ya girgiza shagon har kofunan shayi su yi ƙara. Rebello Dada ya liƙa jadawalin jirage a bango, ya ce duk mai son ya yi waƙa a nan to ya koyi sauri.

Waƙar da Sulbha ta shirya ta niƙa ce. Ta ɗauki layi ɗaya da take tunawa daga bakin kakarta, sauran ta gina a kai: na niƙa dawar uwata, na niƙa ta surukata, tawa tana gona. Sarewa ɗaya, gangar tabla ɗaya, sai muryarta. Sun yi mako uku suna naɗa tsakanin jirgi da jirgi. Ranar da suka gama, Rebello Dada ya zare abin kunnensa ya daɗe yana kallon hannunsa na dama.

"Lafiya, Dada?"

"Wannan ɗan banzan hannun har ya kama hanyar gogewa. Sai da na zauna a kansa." Ya share ido da gefen riga. "Shekara arba'in ina wannan aiki, 'yata, ban taɓa naɗar abin da ya kai wannan ba."

Ranar Sulbha ta sayi alewar ladu ta raba wa duk masu shaguna a layin. Ita ke nan ranar farin ciki guda da kamfanin ya taɓa gani.

Ta ɗauki waƙar zuwa wani babban kamfani mai rarraba waƙoƙi a wayoyi. Aka ajiye ta a benci tun hantsi, sai bayan rana ta raba aka shigar da ita wajen wata budurwa mai waya biyu, wai ita Mis Mehra. Ta sa waƙar, tana saurare tana duba ɗayar wayar. Baiti na farko yana ƙarewa, numfashin nan ya sarƙe, ta kashe.

"Anti, muryarki ta yi, ba ƙarya. Amma irinku goma nake gani a mako. Kowa Damini, kowa Damini. Mu muna da ta gaske, me za mu yi da kwafi?"

Mawaƙin safe ba ya faɗin wanda yake yi wa gwaji, dokar sana'a ce, kuma shekara goma sha shida ta shiga jininta. Sulbha ta ce kawai, "Haka nake waƙa tun ina yarinya."

"Duk haka kuke cewa, Anti. Ki je ki nemo naki salon, ki dawo. Ƙofarmu a buɗe take."

Gajanan ya ce su sha zamansu da ƙofarsu. Ya sa waƙar a intanet da kansa, da hoton Sulbha cikin koren sari, yana kunna wa fasinja a bas ko suna so ko ba sa so. Mutane suka saurara, ba laifi, har suka yi sharhi. Wani ya rubuta, Daminin talaka. Wata ta ce, Anti ki ji kunya, da furfurarki kina satar salon yarinya. Mafi tausayi a cikinsu shi ne wanda ya ce duk cikin masu kwaikwayo wannan ta fi iyawa. Sulbha ta karanta su duka, ɗaya bayan ɗaya, don mutum in an mare shi sai ya yi ta taɓa wurin.

Waya kuma ta fara shigowa, amma ba irin wadda ake jira ba. Masu biki ne ke son ta zo ta rera musu waƙoƙin Damini. Ta ƙi na farko, ta ƙi na biyu, na uku ta je, don situdiyo ba ya cin iska. Ta tsaya a wani zauren biki a Thane ta rera waƙoƙin da ita ta fara rera su a duniya, uwar ango ta rungume ta ta ce in mutum ya rufe ido sai ya rantse Damini ce. A jirgin komowa Sulbha ta tsaya a bakin ƙofa tana kuka, matan da ke kusa suka ɗauka mutuwa aka yi mata.

Washegari ta tare Rebello Dada tun bai ajiye lemarsa ba.

"Dada, don girman abin da kake bauta wa, ko gwaji guda ɗaya ba ka ɓoye ba? Waƙa sama da ɗari uku. Ko rabin baiti, wanda zai nuna ni na fara yi."

"Ko guda." Bai iya kallonta ba. "An ce in goge, na goge. Ni mutum ne mai amana, 'yata, amanar ce ta yanka mu."

"To mu sake naɗa. Zan cire numfashin nan."

Ta shiga lungun gilashi ta rera waƙar ba tare da sarƙewar ba. Sau uku na farko ya ƙwace mata ya fito da kansa. Na huɗu ta danne shi da ƙarfin tsiya, ta kai ƙarshe sumul. Rebello Dada ya mayar musu suka ji tare. Ba kuskure ko ɗaya a ciki, kuma ba kowa a ciki.

"Faɗi gaskiya, Dada."

"Kamar mai sanarwa a tasha. Jirgin Borivali zai makara da minti goma."

Ba ta yi dariya ba, shi ma bai yi don a yi dariya ba.

Damina ta kankama. Ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, katifun bango suka fara warin gumi. Masu zuwa naɗa ba su wuce ƙungiyar waƙoƙin ibada ta unguwa da wani ɗan takarar kansila mai muryar akuya ba. Sudam ya fara biyowa ta layin da yamma tare da mai wayoyi, suna auna faɗin ƙofa da ido. Sulbha kuwa ba ta daina zuwa wajen Tandon-ji da safe ba, don can ne tukunya ke tafasa. Wata Alhamis bayan ta gama gwaji ta tsaya a gabansa maimakon ta ɗauki lemarta.

"Tandon-ji, kalma ɗaya nake roƙo. Ka faɗa wa ɗan jarida guda inda abin nan ya fito."

Ya rufe harmoniyam ɗinsa a hankali. Tsoho ne mai taushin murya, irin waɗanda ba su taɓa zagin kowa ba kuma ba su taɓa tsaya wa kowa ba.

"Sulbha-tai, na sani, kin sani, Rebello ya sani. Mu uku ke nan, ɗaya kurma. In na buɗe baki na kashe Damini, na kashe kaina, ke kuma ba wanda zai ƙara kiranki ko da gwaji. Mutane ba sa son a ce musu sun yi shekara goma sha shida suna tafa wa wadda ba ita ba. Ke za su tsana, ba ita ba." Ya miƙa mata kofin shayi. "Litinin ƙarfe tara, akwai sabuwar waƙa."

Ta fita, amma ba ta sauka ba. Ta zauna a matakalar hawa na uku, ta buɗe kwanon abincinta ta ci gurasar dawa da ɗanyen barkono, ta jira. Maigadi ya leƙo sau biyu yana kallonta kamar wadda ta shiga haikali da takalmi. Ba ta motsa ba.

Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna Damini Sehgal ta hawo, ita kaɗai, riƙe da fulas ɗin ruwan citta. Sulbha ta sha ganinta a talabijin, amma ba ta taɓa sanin tana da gajiya haka a ƙarƙashin ido ba. Ta miƙe ta haɗa hannu.

"Madam, sunana Sulbha Naik."

Damini ta tsaya cak. "Mai waƙar niƙa? Kai! An turo mini ita. Na saurara sau nawa, har direbana ya haddace. Me kike yi a nan, Sulbha-ji?"

Sulbha ta karya dokar. "Ni ce mai zuwa da safe, Madam. Muryar da ake sa miki a kunne tawa ce. Tun waƙarki ta farko."

Ta yi zaton za ta ga tsoro a fuskar, ko fushi. Sai ta ga murna. Damini ta ajiye fulas a kan matakala ta kama hannuwanta biyu.

"Ashe ke ce! Shi ya sa! Kullum ina cewa Tandon-ji, wace ce wannan da ka horar haka, ta iya ni fiye da yadda na iya kaina? In na sa abin kunne sai in ji kamar ni ce na riga na zo da safe na yi. Kin sauƙaƙa mini rayuwa, ba ki san iyaka ba. Shekara nawa ya ɗauka yana koya miki salona?"

"Ba koya mini aka yi ba, Madam. Kakata ce. In tana niƙa, mariƙin dutse in ya kai..."

"Kin san ni inda ya samo asali?" Damini ba katse ta ta yi da mugunta ba, labarin ne ya saba fitowa da kansa. "Ranar da na yi waƙata ta farko, kwana tara da rasuwar babana. Ina zuwa ƙarshen baiti kuka ya taso mini, na danne, numfashina ya sarƙe. Tandon-ji ya ce a bar shi haka. Duk sanda na yi shi, babana nake gani."

Idonta ya ciko da hawaye na gaske. Nan ne Sulbha ta karaya. Da maƙaryaciya ta tarar, da ta san yadda za ta yi da ita. Amma wannan mata ta ba da labarin nan sau dubu har ya zama gaskiya a wajenta, har da kabarin uba a ciki. Wa zai ce wa marainiya numfashin da take tuna ubanta da shi na wata tsohuwa ne a Satara?

"Na ga abin da suke rubuta miki," in ji Damini. "Ya ɓata mini rai. Laifinki ne don kin zauna da salona shekara da shekaru ya kama ki? Ki ji, ina so in yi wani abu. Ki ba ni waƙar nan in rera. A situdiyonki, da sunan kamfaninki, ke ce marubuciya, ba na son ko sisi. In ta fita, na rantse miki sai kin rasa inda za ki sa masu layi a ƙofarki." Ta ɗauki fulas ɗinta. "Sai dai taki za a cire daga intanet tukuna, kin san yadda ake yi. Ki yi tunani, ki gaya wa Tandon-ji."

Ta wuce ciki tana waiwaye tana murmushi, da zuciya ɗaya.

Gajanan da ya ji ya buga tafin hannu a tabarma har kwanon miya ya yi tsalle. "Ta ci kanta! Sun cinye miki ɗari uku, guda ɗayar ma sai sun haɗa? Gobe zan je in tsaya a ƙofar gidanta da lasifika." Ya yi ta faɗa har abinci ya huce. Da ya gaji sai ya daɗe yana murza gurasa a hannu, sannan ya ce, murya ƙasa, "Sudam ya ce mai wayoyi zai kawo kantocinsa ranar da aka kashe fitilun Diwali."

"Na sani."

"Ni dai duk abin da kika ce, Sulu."

Ta yi kwana shida tana juya maganar. In ta ƙi, waƙar za ta zauna a intanet da sunanta, ana wucewa ana tofa mata yawu, shago ya tafi, allon Godabai ya zama na wayoyi. In ta yarda, kamfani ya rayu, layin kakarta ya shiga kowane gida a bakin wata. Ko ta ina ta duba ba ta ga inda ita take ba. A rana ta bakwai ta karɓi wayar Gajanan ta cire waƙar daga intanet da yatsanta, ta miƙa masa, ta tafi wanke kwanuka.

Rebello Dada ya aiko cewa ƙafarsa ta kumbura, ba zai iya zuwa ba. Da ta kira shi ya ce, "Kin san maɓallan, na koya miki. Ni na yi nawa zunubin ya isa." Saboda haka ranar da Damini za ta zo, Sulbha ce ta zauna a kujerarsa.

Tun ƙarfe uku layin ya cika maƙil. Masu shaguna sun rufe, mata sun leƙo ta tagogi, yara sun hau katangar layin dogo. Sudam ya iso cikin sabuwar riga da sarƙar furanni a hannu, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa shi tun farko ya san matar ƙaninsa za ta yi abin kai, maganar mai wayoyi kuwa wasa yake yi. Damini ta sauko daga mota aka yi ta ihu. Ta sunkuya ta taɓa bakin ƙofa don girmamawa, ta shiga lungun gilashi, ba ta ko yamutsa fuska don warin katifu ba. Gajanan da Sudam da mai tabla da wasu maƙwabta suka cushe a bayan Sulbha.

Sulbha ta sa mata waƙar a kunne. Damini ta rufe ido ta saurara sau biyu, tana gyaɗa kai. Da ta zo ƙarshen baiti na farko a karo na uku sai ta ɗaga hannu.

"Tsaya nan, Sulbha-ji. Mayar mini wajen nan." Aka mayar. "Yauwa, kin ji? Nan ne kike ɗan kuskure. Kin yi masa nauyi, kin ja shi kamar mai jan kaya. Duk masu bina haka suke yi, sai sun zaƙe. Shi abin ba ƙarfi yake so ba. Saurari yadda yake na asali."

Ta rera layin. Numfashin ya sarƙe daidai wurin, sassauƙa, mai kyau, mai ƙamshin turare, irin na wadda hannunta bai taɓa yin kantar niƙa ba. Mutanen da ke bayan Sulbha suka yi ajiyar zuciya tare.

"Kin ji bambancin? Zo ki gwada. Zo mana, kada ki ji kunya, ba kullum nake koyarwa ba."

Sudam ya tura ta da gwiwar hannu. "Tashi mana, Madam da kanta!"

Sulbha ta tashi. Lungun ba ya ɗaukar mutum biyu, sai ta tsaya a bakinsa, kafaɗarta tana gogar ta Damini. Baƙin ciki ya kama ta. Amma ita ma'aikaciya ce, shekara goma sha shida ba ta taɓa ɓata wa mai suna lokaci ba. Ta buɗe baki ta rera layin kakarta yadda Damini ta yi shi, ta sassauta, ta cire nauyin, ta bar kyan kawai. Da ta waiga, Gajanan ba ya cikin ɗakin.

Damini ta tafa, ɗakin duka ya ɗauka, har na waje da ba su san abin da ake yi ba.

"Kin kusa! Na rantse kin kusa. Ki riƙa yi kullum da safe, wata rana sai ya zauna miki."

Sulbha ta haɗa hannu biyu ta sunkuyar da kai.

"Na gode, Madam. Zan ƙara ƙoƙari."